Laburaren jami'armu: Anti ta ci tara, ɗakin kundaye ya ci uku

Ni malamar kemistiri ce a wata sakandaren 'yan mata da ke cikin gari, ina kuma karatun digiri na biyu a ɗaya daga cikin jami'o'in nan na Kano. Wata takwas ke nan, duk Talata da Alhamis in na tashi daga makaranta, sai in hau adaidaita sahu in nufi laburaren jami'ar, ba na dawowa gida sai dab da magariba. 'Yan ajinmu da ke shirin fara rubuta kundi sun ishe ni da tambaya: zuwan nan yana biyan kuɗin mota kuwa, ko gara mutum ya sayi data ya zauna a ɗakinsa? To ga amsata. Tunda sana'ata ba da maki ce, da jan biro zan bi sassan laburaren, kowanne maki a kan goma.

Bincikena a kan jima ne. Dangin mahaifiyata majema ne, na tashi ina ganin fatun awaki jiƙe a ruwan bagaruwa, ina ganin ana rina su ja da karan dafi. Kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa da gishirin kuromiyom suke jima, saboda abin da bagaruwa za ta ɗauki kwanaki tana yi, shi a yini guda ya gama. Matsalar ita ce fata ba ta shanye shi duka, ragowar sai ya bi ruwan wanki ya fita waje, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyom ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha. Abin da nake son ganowa shi ne ko za a iya rage shi sosai idan aka haɗa da bagaruwa, ba tare da fatar ta lalace ba. Da wannan tambayar na shiga laburaren ranar farko.

A bakin ƙofa akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Shi ke karɓar jaka ya ba ka lamba, ya duba katinka. Ban taɓa rasa ko da biro a hannunsa ba, kuma duk ranar da na makara sai ya ce, “Malama, yau yaran naki sun riƙe ki.” Shi kam ya ci goma, babu gardama.

Kantocin littattafai ne suka fara kashe mini jiki. An jera su bisa tsarin laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kamar yadda yawancin jami'o'inmu suke yi, wato kemistiri yana ƙarƙashin QD, harkar fata da jima kuma tana ƙarƙashin TS. Tsarin yana da kyau, ba a ɓata. Amma da na isa TS, littattafan jima da na tarar ba su cika hannu ɗaya ba, kuma duk sun girme ni. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta kwanta musu, na ciro ɗaya sai da na yi atishawa sau uku. Ba na raina tsohon littafi, yadda tanin, sinadarin jima da ke cikin bagaruwa, ke kama zaren fata bai canza ba tun zamanin kakana. Sai dai babu malamin da zai sa hannu a kan kundin da sabon abin da aka ambata a cikinsa ya shekara talatin. Na fito ranar ina cewa a raina an yi asarar kuɗin adaidaita.

Sati na biyu ne wata 'yar ajinmu ta ce in hau bene, in nemi ɗakin kwamfutoci, in tambayi Anti, ma'aikaciyar laburaren da ke kula da shi. Haka kowa ke kiranta, har malamai masu furfura. Na yi sallama, na ce littafi nake nema a kan jima. Sai ta jawo mini kujera ta ce, “Zauna, Malama. Bar maganar littafi tukuna. Faɗa mini abin da kike son ki sani, da Hausa ma in kin ga dama.”

Na yi mata bayani. Ta tambaye ni sunan bagaruwa na kimiyya, na ce Acacia nilotica. Ta rubuta, maƙaloli suka fito, ta buɗe biyu, ta wuce kai tsaye wurin 'yan kalmomin da marubuta ke jerawa a ƙasan taƙaitaccen bayani. A nan muka ga ashe masana tsirrai sun sauya mata suna zuwa Vachellia nilotica, a Indiya ana ce mata babul, a Sudan kuma 'ya'yanta da ake jima da su ana ce musu garad. Da ta sake nema da sunayen nan huɗu, abin da ya fito ya ninka na farko. Aikin masu binciken Sudan da na Indiya, wanda ya fi kowanne kusa da nawa, duk a ƙarƙashin waɗancan sunayen yake. Na yi wata biyu ina lalube a Google daga wayata ban gan shi ba. Minti ashirin ta yi.

A wurinta na san Research4Life, shirin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin ɗab'i suka haɗa don jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallu kyauta ko da rahusa. Ɓangarensa na lafiya, HINARI, ya fara a 2002, na noma, AGORA, a 2003, sannan na muhalli, OARE, a 2006, shi ne ya zama gidana. Akwai JSTOR, wani rumbun mujallun ilimi a intanet, akwai kuma AJOL, rumbun mujallun Afirka da ya fara a 1998, inda mujallun Najeriya suke da yawa. Wanda bai taɓa cin karo da bangon kuɗi ba ba zai san darajar wannan ba. Maƙala guda, shafi goma, kamfanin ɗab'i zai ce ka biya dala talatin ko arba'in kafin ka buɗe. Ka auna wannan da albashin malamin sakandare, musamman bayan abin da ya sami naira tun 2023. Ni maƙalolin da na sauke a ɗakin nan, da sayensu zan yi, da sai na sayar da ɗan kunnena.

Ita ce kuma ta ce in leƙa rumbun takardun haƙƙin ƙirƙira, irin su Google Patents da Espacenet, in ga ko wani ya riga ya yi rajistar irin haɗin da nake tunani. Ko a mafarki ban taɓa kawo wannan ba, kuma babu malamin da ya taɓa faɗa mana a aji. Ta koya mana Zotero a wani zama na awa biyu, manhajar kyauta da ke adana duk abin da ka karanta ta kuma jera maka manazarta da kanta. Wanda ya taɓa kwana yana gyaran waƙafi da aya a jerin manazarta ya san irin sadakar da aka yi mana.

Abu biyu suka faru a gabana da suka sa na daina ganin aikinta a matsayin taimakon neman takardu kawai. Wani ɗan ajinmu ya kawo jerin manazarta masu kyan gani, ya ce ya neme su ya rasa. Anti ta ɗauki lambar DOI ta farko, wato lambar shaidar da ake ba maƙala, ta sa a shafin da ake tantancewa. Babu ita. Ta biyu ta kai mu ga wani aiki daban da ba shi da alaƙa da sunan. Ta ɗago kai ta ce, “Malam, ChatGPT ne ya ba ka waɗannan?” Ya sunkuyar da kai. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ce ya daina amfani da shi ba. Ta nuna masa cewa manhajar tana iya ƙaga sunan marubuci da mujalla da shekara, su fito tsaf kamar gaske, don haka duk abin da ta ba shi sai ya gan shi da idonsa kafin ya rubuta. Na biyun ni ya shafa. Saƙon imel ya zo mini daga wata mujalla mai dogon suna, suna yabona, suna cewa za su buga mini aiki cikin sati guda in na tura dala. Na kai mata ina murna. Ta duba DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, ba ta ciki. Ta duba tsohon jerin nan na Jeffrey Beall, ma'aikacin laburaren Amurka da ya riƙa tattara sunayen mujallun cin kuɗi har ya rufe shafinsa a 2017, sai ga kamfanin nasu. Ta ce, “Wanda zai duba aikin kemistiri da gaske ba ya gamawa a kwana bakwai.” Maki ɗayan da na rage mata ba laifinta ba ne: ita kaɗai ce. Ranar da ta tafi taro ko ɗanta ba shi da lafiya, ɗakin sai ya koma wurin cajin waya.

Wuta kuwa sai haƙuri. Akwai sola, amma ɗakin kwamfutoci kaɗai take ɗauka. In aka ɗauke wuta a watan Afrilu, babban zauren karatu sai ya zama tanda, kowa na fifita da takardarsa. Na san tun da kuɗin wutar rukunin A, wato na masu samun wuta mafi yawa, ya koma naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, jami'o'i na ji a jikinsu, don haka ban cika tsananta ba. Soket ɗin da ke aiki ma ƙalilan ne, a kansu na ga manyan mutane, masu iyali, suna hararar juna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar sirrin shiga rumbunan nan. Sai a cikin ginin take aiki, ma'aikaci ne ke shigar maka da ita yana kare allon da hannu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, lokacin karatuna na gaske yana farawa ne bayan isha, in gida ya yi shiru. A lokacin laburare yana rufe, kuma ba ni da hanyar shiga daga gida, alhali da sunan ɗalibi da lambarsa ake yin wannan a wasu wuraren. Akwai lokacin da ɗaya daga cikin rumbunan ya rufe mana har sati biyar saboda ba a sabunta ba, babu ko sanarwa a jikin ƙofa. Nan maki biyar.

Yanzu ga inda nake son in daɗe. A bayan matakala, ƙasa, akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe inda ake ajiye kundayen digiri na biyu da na uku da ɗaliban jami'ar suka rubuta tun kafuwarta. Makullin yana hannun mutum ɗaya. In ya tafi salla ko an aike shi, sai ka zauna a benci. In ya zo, zai miƙo maka wani katon littafin rajista da aka rubuta da hannu, bisa shekara da sashe, ka bi layi-layi da yatsa har ka ga abin da ya yi kama da naka. Kundi biyu ake ba ka a zama ɗaya. Ba a ɗaukar hoto da waya, ba a yin fotokwafi. Ka karanta, ka kwafa da biro.

Na yi Alhamis huɗu a ɗakin nan, kuma abin da na samu a ciki babu shi a OARE, babu shi a JSTOR, babu shi a ko'ina a duniya. Mutanen da suka riga ni sun ɗebi ruwan kogin Challawa da na Jakara sun auna, sun je gonakin da ake ban ruwa da shi, sun zauna da majema. Na sami kundaye uku daga sassa uku, kemistiri da nazarin ƙasa da nazarin halittu, duk a kan ruwa ɗaya, kuma babu wanda ya ambaci ɗan'uwansa. Ba wulaƙanci ba ne, ba su san da juna ba. Kowa ya kashe kuɗinsa ya fara daga tushe. Ɗaya daga cikinsu gara ta cinye masa babi na huɗu daga gefe, daidai wurin jadawalin sakamako. Na riƙe shi a hannuna ina tunanin wanda ya rubuta shi, wataƙila ya yi ritaya, wataƙila ya riga mu gidan gaskiya, kuma wannan ne kwafin da ya rage.

Na tambayi mai makullin me ya sa ba a sa su a intanet ba. Ya ce, “Hajiya, in aka sa, yara za su kwashe su canza suna.” Na girmama shi, amma a ganina maganar a juye take. Manhajar gano satar rubutu, irin su Turnitin, tana kwatanta sabon aiki ne da abin da ta taɓa gani. Kundin da ke kulle a bayan matakala ba ta taɓa ganinsa ba. Wanda ya zauna ya kwafe shi da biro daga farko har ƙarshe, ya buga, zai wuce lafiya lau. Wanda aka sa a fili da sunan mai shi da shekararsa, shi ne ɓarawo ke tsoro. Kayan aikin ma ba tsada ne da su ba, DSpace, manhajar da jami'o'i ke ajiye irin waɗannan ayyuka, kyauta ce tun da jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar da ita a 2002. Laburarenmu ma yana da irin wannan shafin. Na shiga. Abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, yawanci taƙaitaccen bayani kawai, ka danna neman cikakken aiki ka ga wayam.

Wani abin da ya ƙara mini takaici, Anti ce ta nuna mini shi. Akwai wani malami ɗan kasuwa Bakano, Malam Umar Falke, wanda ya rasu a 1962. Rubuce-rubucen da ya tara, fiye da 3,000, na Larabci da ajami, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an ba kowanne lamba, an rubuta bayaninsa, kuma daga Kano kana iya binciko jerinsu a intanet. Wato ina iya sanin abin da ke cikin taskar Bakano da ke can ƙetaren teku, amma wanda ke Zariya ba zai iya sanin abin da ke bayan matakalarmu ba sai ya hau mota ya zo ya jira mai makulli. Littattafan Turai kowa na iya saya in ya sami kuɗi, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ma tana ware wa laburare nasa kason. Abin da babu mai iya saya mana shi ne wannan ɗakin. Na ba shi uku, kuma ukun na waɗanda suka rubuta kundayen ne.

Maganar aiki tare kuwa, ginin bai san da ita ba. Kowane bango an manna masa takardar a yi shiru, babu ɗaki ko ɗaya da mutum huɗu za su zauna su yi magana da allo a gabansu. Duk da haka a nan na sami abokan aiki, kuma ta hannun Anti. Ta lura ni da wani ɗalibin nazarin ƙasa muna neman abu iri ɗaya, ta ce, “Malam, ga Malama, ku gaisa, ruwa ɗaya kuke sha wa wahala.” Shi ya iya zana taswira da manhajar QGIS, ni na iya auna ruwa. Daga baya ta haɗa mu da wata malama a sashen Hausa da ke tattara kalmomin sana'ar jima daga bakin tsofaffi. Duk zaman da mu uku muka yi, a gindin darbejiyar da ke gaban laburaren muka yi shi, kwamfuta a kan cinya, iska na kwashe takardu. Alhali akwai zauren tsofaffin jaridu a ciki wanda ban taɓa ganin mutum uku a cikinsa lokaci guda ba.

Haka hulɗa da sauran laburare take. Na buƙaci wani babi da ake jin akwai shi a Zariya, inda cibiyar nazarin fata ta ƙasa take a Samaru. Babu wata takarda da zan cike a nemo mini. Anti ce ta yi wa wata ƙawarta da suka yi makaranta tare magana ta WhatsApp, kwana biyu sai ga hotunan shafukan. Na gode ƙwarai, amma zumuncin mata biyu ne ya yi aikin, ɗalibin da ya zo ranar da ba ta nan hannu rabbana zai koma. Mutumin gari kuma, wanda ba ɗalibi ba, sai da takardar gabatarwa yake shiga. Kawuna ya shekara arba'in yana jima, shi ne mutum na farko da sakamakon aikina zai yi wa amfani, amma a wajen Baba za a tsayar da shi.

Ga mai shirin zuwa: kuɗin motarka ba zai tafi a banza ba, in dai ka hau bene. Ka zo da safe in kana da hali, kafin rana ta yi zafi, kafin a cinye soket. Ka caja kwamfutarka daga gida, ka riƙe filashi, ka sauke duk abin da kake so a ranar don ba ka san gobe ba. In ɗakin kundaye za ka, ka zo da takunkumi da biro biyu, kuma ka kauce wa lokacin azahar. Mata, banɗakin da ke sama ya fi na ƙasa ruwa.

Nawa kundin ya kusa kammala. Za a ce in kawo shi a ɗaure da baƙin bango, a kai kwafi ɗaya bayan matakala. Na tambayi Anti ko za a iya sa cikakkensa a shafin, ta ce takardar amincewar marubuci da ya kamata in cike ba ta fito ba tukuna, amma in bar mata shi a filashi. Na bar mata. Na kuma zauna na rubuta shafi biyu da Hausa, na kai wa Kawu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya sa ƙaramin ɗansa ya karanta masa, yana saurare yana murza wata fata a gwiwa. Da aka kai wurin da na faɗi yawan bagaruwar da na zuba, sai ya ɗaga hannu.

“'Yar nan, kin cire ƙwallon kafin ki daka?”

Na ce a'a, Kawu, duka na niƙa.

Ya ce, “To ai ƙarfin a ɓawon yake. Ƙwallo nauyi kawai ya ƙara miki.”

Ranar Talata na hau bene na faɗa wa Anti. Muka nema, sai ga shi a aikin mutanen Sudan, a wata maƙalar da na sauke tun watan farko ban karanta ta har ƙarshe ba. Gwaji uku zan sake, na riga na sayo wata bagaruwar a Kasuwar Kurmi.